Kada Takardar Gwaji Ta Kori Majinyaci Daga Asibiti: Martani Kan Kemo Da Sankarar Hanji

Tun daga watan Yulin 2025 da aka ƙaddamar da sabuwar cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda har gobe mutanen gari ba su daina kiransa FMC ba, maganar kemo, wato maganin ciwon daji da ake ɗaurawa ta jijiya, ta bar ɗakin likita ta shigo majalisa. Ana yin ta a teburin mai shayi, ana yin ta a zaman makoki, kowa da labarin wani nasa da aka ɗaura wa ruwan, ya tashi ko ya tafi. Wannan ba abin ƙi ba ne. Jinyar da a da galibi sai an yi tattaki zuwa Shika ko Kano ko Sakkwato ta matso ƙofar gida, dole mutane su yi tambaya.

A cikin wannan zance ne wani marubuci ɗan gari, mai daɗin alƙalami kuma da alama mai kyakkyawar niyya, ya fitar da maƙala a kan sankarar babban hanji. Hujjarsa labari biyu ne. Na farko wani dattijo ne da cutar ta riga ta kai masa hanta. An auna masa wani sinadari a jini da ake kira CEA kafin a fara kemo, aka sake aunawa bayan zagaye na biyu, sai ga lambar ta kusan ninkawa. 'Ya'yansa suka ga takarda, suka naɗe tabarmarsu, suka mai da mahaifinsu gida. Na biyu wata baiwar Allah ce da aka yi wa aiki aka yanke ƙarin, ta ƙi kemo, ta koma ga sassaƙe da jiƙo, bayan wata biyu aka auna aka ga lambarta ta sauka ta zama irin ta mai lafiya. Daga nan marubucin ya yanke hukunci cewa maganar nan da aka gada, wai daji ba ya son allura, gaskiya ce, kuma ga takardar asibiti da kanta ta ba da shaida.

Babu dalilin ƙaryata shi a kan lambobin. Mai yiwuwa haka suka fito a takarda. Karatun da ya yi musu ne ya kauce hanya, kuma kaucewa ce mai tsada, domin wanda zai biya kuɗinta yana kwance a gado, iyalinsa kuma suna neman dalili ko ƙanƙane da zai sauke musu nauyin jinyar da ta cinye musu gona.

A fara da shi kansa CEA ɗin. Furotin ne. A 1965 wasu likitoci biyu a Jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada, Phil Gold da Samuel Freedman, suka gano shi a jikin ƙarin hanji, suka kuma same shi a hanjin ɗan tayi. Da farko an yi murna, an zaci an samu gwajin jini da zai tona asirin sankarar hanji tun tana ƙarama. Murnar ba ta je ko'ina ba. An gano cewa hanjin mai lafiya ma yana yin sa kaɗan-kaɗan, ƙaramin ƙari sau da yawa ba ya motsa lambar ko kaɗan, kuma akwai waɗanda cutar ta bazu a jikinsu amma lambarsu na nan ƙasa kamar babu abin da ya faru. Ta ɗaya gefen kuma, mai shan sigari lambarsa takan ɗara ta wanda ba ya sha. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar abin da bai kai nanogiram 3 a mililita guda ta jini ba a matsayin daidai ga wanda ba ya sha, har zuwa 5 ga mashayi. Ciwon hanta yana ɗaga lambar, kumburin hanji yana ɗaga ta, haka ciwon huhu mai daɗewa, har ciwon sugan da ba a kula da shi ba yakan ɗan tura ta sama.

Shi ya sa likitoci ba sa tantance ko mutum na da sankarar hanji da wannan gwaji. Aikin na'urar leƙa hanji ne da ɗan naman da ake tsinka a duba. Amfanin CEA bin sawu ne: a auna yau, a auna bayan wata guda, a sake, a dubi inda jerin ya dosa, sannan a haɗa da hoton CT da yadda majinyacin yake ci yake tafiya. Lamba biyu kacal marubucin ya samu a kan dattijon, ya gina hukunci a kansu.

Abin da ya kamata ya sani kafin ya ɗauki biro shi ne, wannan hawan da ya gani ba shi ya fara ganinsa ba. Likitocin daji sun fi shekara 20 da rubuta shi. A birnin Bergen na ƙasar Norwe, Halfdan Sorbye da Olav Dahl sun bi majinyata 27 masu sankarar hanji da ta bazu, waɗanda aka ɗora a kan kemo mai haɗe da maganin oxaliplatin. Suka wallafa a 2004 cewa 4 daga cikinsu lambarsu ta yi tsalle a makonnin farko, sannan ta sauko da kanta ana ci gaba da maganin, kuma dukansu huɗun maganin ya amfane su. Mutum 27 ba yawa ba ne, kuma da a nan aka tsaya da marubucin yana da damar ɗaga kafaɗa.

Ba a tsaya nan ba. A 2010 likitocin asibitin Royal Marsden na Ingila suka fitar da nazarin majinyata 670. Cikinsu 78, wato kusan kashi 12 cikin 100, sun yi irin wannan hawa da sauka. Da aka kwatanta su da waɗanda lambarsu ta yi ta hawa ba ta dawo ba, tazarar ta fito fili: kashi 73 cikin 100 na masu hawa da sauka ƙarinsu ya motse a hoto, a ɗaya rukunin kuwa kashi 11 ne kawai. Matsakaicin tsawon rayuwa a rukunin farko wata 17.7 ne, a na biyu wata 10.9. Ke nan mutanen da takardarsu ta fi tsoratarwa a makonnin farko, wasunsu suna cikin waɗanda maganin ya fi kamawa.

Ko kafin wannan nazari, ƙungiyar likitocin daji ta Amurka, ASCO, ta sa gargaɗi a ƙa'idojinta na 2006 cewa a yi hattara da fassara hawan CEA a mako 4 zuwa 6 na farkon sabon magani, musamman idan da oxaliplatin a ciki. Yanzu a yi lissafi. Haɗin da aka fi ba masu wannan cuta biyu ne. FOLFOX ana ɗaura shi duk bayan mako 2, CAPOX kuma duk bayan mako 3, da ƙwayoyin capecitabine da ake sha a gida. Zagaye biyu na FOLFOX mako 4 ke nan, zagaye biyu na CAPOX mako 6. Ko wanne aka ba dattijon, an ɗebi jininsa ne daidai cikin kwanakin da aka ce kada a gaskata lambar ita kaɗai. A cikin waɗannan kwanaki ne 'ya'yansa suka ɗauke shi.

Me ke kawo hawan? Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake rushe tsohuwar katangar ƙasa a cikin gari ya san cewa lokacin da ake dukanta ne ƙura ke turnuƙe unguwa, ba lokacin da take tsaye lafiya ba. Ƙwayoyin halittar ƙarin cike suke da CEA. Idan magani ya farfasa su da yawa a lokaci guda, abin da ke cikinsu yakan kwarara cikin jini. Wannan ne bayanin da masu binciken suka fi karkata gare shi. Akwai kuma gwaje-gwajen ɗakin bincike da suka nuna cewa maganin fluorouracil, wanda shi ne ginshiƙin kemon hanji tun da Charles Heidelberger ya haɗa shi a 1957, yana sa ƙwayoyin ƙarin su ƙara fitar da wannan furotin ko da yawansu bai ƙaru ba.

Sai maganar hanta, wadda ta fi shafar mutanen wannan yanki. Hanta ce ke tace CEA daga jini. Idan ta gaji, lambar takan taru ko da ƙarin bai ƙara ko ƙwayar gero ba. Magungunan kemo suna gajiyar da ita. Tun 1993 Charles Moertel na asibitin Mayo da abokan aikinsa suka ba da rahoton yadda kemon bayan aiki ke taɓa hanta na ɗan lokaci har ya ɗaga CEA ga mutanen da cutar ba ta dawo musu ba. A ƙara da cewa binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, da yawansu ba su ma sani ba, kuma kemo na iya tayar da ita daga barci. A ƙara da jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa majinyaci a ɓoye tsakanin zagaye da zagaye, kowace gwaggo da nata. Dattijon da cutar ta kai wa hanta, a ƙasar da ciwon hanta ya yi yawa haka, yana da dalilai da dama na hawan lamba, kuma marubucin bai tambayi ko ɗaya ba. Bai ma faɗa ko ɗakin gwaji ɗaya ne ya yi awon biyu ba, alhali na'urorin kamfanoni daban-daban ba sa ba da lamba iri ɗaya a kan jini ɗaya. Wanda ya auna a asibiti yau, ya auna a wani shagon gwaji a cikin gari bayan wata don ya fi sauƙi, zai iya ganin bambancin da ba na jikinsa ba ne.

A nan adalci ya sa a faɗi abin da ke gefen marubucin. Hawa da sauka na mutum ɗaya ne cikin takwas ko tara. Akwai majinyata da yawa da lambarsu ke hawa don cutar ce ke ci gaba, maganin bai kama ta ba. Mai yiwuwa dattijon na cikinsu. Sai dai ko da haka ne, fassarar da marubucin ya yi ba ta tsaya ba. Ƙarin da ya ƙi jin magani yana girma ne duk da maganin, kamar yadda zai girma da ba a ba shi komai ba. Abin da likita ke yi a irin wannan hali shi ne ya jira awo na uku, ya ɗauki hoton CT bayan wata 2 zuwa 3 da fara magani, idan hoton ya nuna girma ya sauya haɗi, misali ya cire oxaliplatin ya sa irinotecan. Wani lokaci kuma ya zauna da iyali ya gaya musu cewa abin da ya rage shi ne sauƙaƙa ciwo da barin bawan Allah ya huta cikin nasa. Wannan ma shawara ce ta likitanci, kuma babu abin kunya a cikinta. Amma a kan hoto da jikin majinyaci ake yanke ta. Da dattijon ya ƙara 'yan makonni, da an san wane rukuni yake. Yanzu babu wanda zai taɓa sani, har da marubucin.

Labarin matar ya fi sauƙin warwarewa, kuma shi ne ya fi haɗari, don yana da daɗin ji.

CEA ba ya daɗewa a jini. Cikin 'yan kwanaki hanta kan kawar da rabin abin da ke yawo, kuma idan an yanke ƙarin gaba ɗaya ana sa ran lambar ta koma daidai cikin mako 4 zuwa 6. A ce mutum ya shiga ɗakin aiki da lamba 40, a ce kuma rabi na tafiya duk kwana 5. Bayan kwana 5 saura 20, bayan 10 saura 10, bayan 15 saura 5, kafin mako uku ya cika ta faɗo ƙasa da 3. Ko ruwan randa kawai matar ta sha a wata biyun nan, haka takardarta za ta nuna. Wuƙar likitan fiɗa ce ta sauke lambar, marubucin ya ɗauki yabon ya miƙa wa mai sassaƙe.

Abin da ya fi muni shi ne yadda ya ɗauki saukar lambar a matsayin shaidar warkewa. Kemon da ake ba mutum bayan aiki ba don abin da ake gani ba ne, an riga an cire wannan. Don 'yan ƙwayoyin da suka sulale ne ta jini ko ta kaluluwar da ke kewaye da hanji, waɗanda ƙanƙantarsu ta sa hoto ba ya kama su, CEA ma ba ya jin motsinsu. Sukan yi shiru shekara ɗaya ko biyu ko uku, sannan su bayyana a hanta ko huhu. An gwada wannan a kan dubban mutane. A 1990 Moertel ya wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa ga waɗanda cutar ta kai kaluluwa, kemon bayan aiki ya rage dawowar cutar da kashi 41 cikin 100, ya rage mutuwa da kashi 33. A 2004 gwajin MOSAIC, mai majinyata 2,246, ya nuna cewa ƙara oxaliplatin ya ɗaga yawan waɗanda suka kai shekara 3 babu cuta daga kashi 72.9 zuwa 78.2. Da kemo na rura sankarar hanji, a irin waɗannan gwaje-gwaje ne abin zai fito tsirara, domin an raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, an bi su shekaru, an ƙirga wanda ya rayu da wanda ya rasu. Akasin haka aka gani.

Wannan ba ya nufin matar ta yi asara lalle. Mutane da yawa aiki kaɗai ke warkar da su, musamman idan cutar ba ta kai kaluluwa ba, kuma ana yi mata fatan tana cikinsu. Su kansu likitoci sun daɗe suna neman hanyar rage wa mutane kemon da ba sa buƙata. A 2018 wani babban nazari mai suna IDEA, da ya tattara majinyata 12,834, ya nuna cewa ga masu ƙaramin haɗari wata 3 na CAPOX ya wadatar maimakon 6. A 2022 gwajin DYNAMIC a Ostareliya, ƙarƙashin Jeanne Tie, ya yi amfani da wani sabon awon jini mai neman ɓurɓushin ƙwayoyin gadon ƙarin, ya rage yawan masu cutar a mataki na biyu da aka ba kemo daga kashi 28 zuwa 15 ba tare da cutar ta ƙara dawowa ba. Wato tambayar wa ke buƙatar kemo tambaya ce ta gaske. Ana amsa ta ne da rahoton naman da aka yanke: zurfin da ƙarin ya yi a bangon hanji, da yawan kaluluwar da ya kama. Marubucin bai ce uffan a kan wannan rahoto ba, kuma shi ne takardar da ta fi muhimmanci a jakar matar.

Ko bayan an gama komai, lambar ba ta daina ruɗi. Asibitin Memorial Sloan Kettering na New York ya duba mutane 728 da CEA ɗinsu ya hau bayan an yi musu aiki, ya wallafa a 2014 cewa kusan rabinsu, 358, babu wata cuta da ta dawo. Yawancin irin wannan hawan ƙarya tsakanin 5 da 15 yake. Duk da haka ana ci gaba da aunawa duk wata 3 zuwa 6 a shekarun farko, domin ɗaya rabin na gaske ne, kuma ƙarin da aka kama a hanta yana ɗan ƙarami ana iya yanke shi.

To daga ina maganar daji ba ya son allura ta samo ƙarfinta? Ba daga wauta ba. Mutane sun ga abu da idonsu: an kai wane asibiti yana tafiya, an yi masa allura, bayan wata biyu an yi jana'izarsa. Abin da ba su ƙirga ba shi ne watannin da suka gabata. Sankarar hanji a ƙasar Hausa da sunan basir take shigowa. Mutum ya ga jini a bayan gida, ya sayi maganin basir wurin mai lasifika a kasuwa. Cikinsa ya rikice, yau gudawa gobe taurin bayan gida, a ce atini ne. Ya rame, a ce shawara ce ko sammu. Kunya ta hana a duba wurin. Sai hanji ya toshe ko ido ya yi ɗorawa sannan a ɗauko shi daga Jibiya ko Daura ko Dutsinma, wani ma daga Maraɗi. Ƙungiyar bincike ta ARGO, wadda Farfesa Olusegun Alatise na asibitin koyarwa na Ile-Ife da Peter Kingham na New York suka kafa a 2013, ta nuna cewa akasarin masu wannan cuta a Najeriya suna isa asibiti ne a mataki na uku ko na huɗu, kuma da yawansu ba su kai shekarun da ake ganin cutar a Turai ba. Ta kuma nuna cewa zubar jini ta dubura idan ta haɗu da rama da sauyin bayan gida alama ce da ke buƙatar a leƙa hanji ba da jinkiri ba. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2020 ya ba Najeriya sababbin masu ciwon daji kusan 125,000 a shekara, kusan 7,500 daga ciki na hanji da dubura. Idan mafi yawansu sun zo a makare, allurar da aka yi musu ta ƙarshe ita za ta ɗauki laifin shekara guda da aka yi ana shan maganin basir. Maƙalar marubucin za ta ƙara wa wannan layi tsawo, domin wanda ya karanta ta ya ga jini gobe zai ƙara jinkiri.

Abin takaicin shi ne akwai abubuwan faɗa na gaskiya a kan kemo, kuma alƙalami irin nasa zai iya faɗarsu da kyau. Magani ne mai wahala. Oxaliplatin yana taɓa jijiyoyi, har mutum ya kasa riƙe kofin ruwan sanyi ko ya ji maƙogwaronsa ya shaƙe idan ya sha mai ƙanƙara. Da hunturu kuwa, alwalar asuba da ruwan da ya kwana a waje azaba ce gare shi, sai an ɗuma masa. Ga wasu, dindiris ɗin yatsu ba ya tafiya ko bayan an daina. Capecitabine yana sa tafin hannu da na ƙafa su yi baƙi su tsattsage. Ga gudawa, ga faɗuwar ƙwayoyin jinin da ke kare jiki, abin da ya sa zazzaɓi a lokacin kemo ba abin jira zuwa safe ba ne, ko da an zaci na sauro ne. Akwai ma 'yan tsirarun mutane da jikinsu ba ya iya narkar da fluorouracil, kuma gare su maganin na iya zama ajali. Duk wannan gaskiya ne, kuma haƙƙin majinyaci ne a gaya masa kafin ya sa hannu.

Ga kuma kuɗi. Asusun tallafa wa masu ciwon daji na gwamnatin tarayya da ya fara aiki a 2021 ya soma ne da sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, ba da ta hanji ba. Iyalin da ke biyan kowane zagaye daga aljihu, ga kuɗin gwaji, ga na hoto, ga na mota, su ne suka fi saurin karanta takarda su ga abin da zai ba su izinin tsayawa. Sau da yawa ma hoton CT ɗin da zai raba gardama shi ake tsallakewa don tsadarsa, a dogara da awon jini mai araha, wato a bar alƙali a saurari ɗan aike. Gina cibiya a Katsina babban abu ne, amma gini ba ya biyan kuɗin zagaye na biyar. Da marubucin ya juya alƙalaminsa ga hukumar inshorar lafiya, ga gwamnatin jiha, ga masu hannu da shuni na gari da ke fitar da zakka, ya tambaye su ina mai sankarar hanji zai dosa, da wannan martani bai zama dole ba.

Likitoci ma suna da nasu rabon. A ko'ina cikin ƙasar nan ana miƙa wa iyali takardar gwaji a hannu, da lamba da aka ja wa layi da alamar ta wuce ƙa'ida, cikin harshen da ba nasu ba, sannan ganin likita sai mako mai zuwa. A tsakanin nan ɗan da ya yi boko zai shiga waya ya bincika, kawu zai kawo nasa ra'ayin, maƙwabciya ta tuno da wani mai magani a ƙauye. Minti biyu ya isa a kashe wannan wutar tun ranar farko: a ce, Baba, wannan lambar tana iya hawa a watan farko, kada hankalinku ya tashi, hoto ne zai gaya mana gaskiya, ga ranar da za mu ɗauka. Likitan da ke ganin layin mutane tun safe har la'asar zai ce ba shi da minti biyun. Idan haka ne, ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa za ta iya, ko a buga bayanin da Hausa da ajami a manna a bango.

Ana roƙon marubucin, cikin girmamawa, ya kai takardun nan biyu wurin kowane likitan daji da ya yarda da shi, a Katsina ko Zariya ko Kano, ya ji abin da zai ce, sannan ya rubuta abin da ya ji a wurin da ya rubuta na farko. Iyalan da ke jinya kuma su riƙe awo a ɗakin gwaji ɗaya, su nemi a duba ciwon hanta kafin a fara kemo, su gaya wa likita duk jiƙon da ake ba majinyaci ba tare da ɓoyewa ba. Wanda lamba ta firgita shi ya koma da takardar wurin likitan da ya rubuta gwajin, ya tambayi ranar ɗaukar hoto kafin ya yanke shawara. 'Ya'yan dattijon nan, idan Allah ya sa mahaifinsu na da sauran kwana, su mai da shi asibiti a wannan makon.